In Tsohon Kare Ya Fara Ɗingishi

(Kiɗan buɗe shiri)

 A filinmu na lafiyar dabbobi mun daɗe muna zagaye tsakanin shanu da awaki da kaji, yau kuwa a kan kare za mu yada zango. Na san wani yanzu ya yamutsa fuska yana cewa, duk dabbobin da Allah ya halitta a rasa na magana sai kare? Malam, kada ka murɗa akwatin tukuna. Mafarauci da kare yake shiga daji, Bafulatani yana da shi a ruga, mai lambu da mai gareji da mai gida a bayan gari duk da haushinsa suke samun barci. Malaman fiƙihu sun halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma ba wanda bai san hadisin mutumin nan da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa ba. Dabbar da ta yi maka gadi shekara 8 ko 10, ran da ƙafafunta suka gaza, haƙƙinta yana wuyanka.

Wani kawuna a Kaduna yana da kare, Duna sunansa, ruwa biyu ne: ubansa Alsheshan, uwarsa karyar gida. Da ƙuruciyarsa, katangar da ta kai ƙirjin mutum tsalle ɗaya yake mata. Wata safiya cikin hunturu na kwana a gidan, na fito alwala sai na ji maigadi yana kiransa. Duna ya ɗaga kai, ya kaɗa bindi, ya kafa ƙafafun gaba, sannan ya tsaya cak, rabin jiki a sama rabi a ƙasa, kamar mai shawarar ko ya fasa. Da ƙyar ya jawo ƙugun ya miƙe. Takunsa na farko guda 5 ko 6 a sandare ya yi su, kai a sunkuye. Kafin ya kai bakin ƙofa ya ɗan warware, har ya yi haushi.

Na ce, "Kawu, karen nan fa ciwo yake ji."

Ya ce, "Haba ɗan nan, tsufa ne kawai da lalaci. Ka taɓa jin ya yi kuka?"

Da yawanmu haka muke auna abin, kuma awon bai yi ba. Kare yana ihu in an take shi ko an jefe shi, amma ciwon da ya zaune masa a jiki wata da watanni, shiru yake yi da shi. A ɗabi'unsa za ka gani. Yana daɗewa kafin ya tashi. In zai kwanta sai ya yi ta zagaye, ƙarshe ya saki jiki ya faɗi tim. Ya daina hawa matakala, ya daina tsalle cikin mota. In ya zauna, ƙafa ɗaya tana zame masa gefe. In zai yi gudu sai ya haɗe ƙafafun baya biyu yana tsallen zomo. Wani ya yi ta lasar gaɓa ɗaya har gashin wurin ya canza launi, wani kuma da can mai haƙuri da yara ne, yanzu ko taɓa bayansa aka yi sai ya yi gurnani. Ka tsaya a bayansa ka dubi cinyoyin: in ɗaya ta fi ɗaya sirancewa, ya daɗe yana ɗauke wa waccan ƙafar nauyi.

Wannan shi ne amosanin gaɓɓai, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya ga an fasa gaɓar cinyar rago, ya ga wani farin abu mai sulɓi a kan ƙashin, da ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Farin abun shi ne guringuntsi, shi da ruwan nan ne suke sa ƙashi biyu su goga juna ba tare da an ji ba. In guringuntsin ya zaizaye, gaɓar ta kumbura, ƙashi ya soma fitar da ƙananan tsiro a gefe, fatar da ta lulluɓe gaɓar ta yi kauri, motsi ya zama azaba. A karnuka, sau da yawa akwai wani lahani da ya riga ciwon zuwa: ƙugun da tun yana ɗan kwikwiyo kan ƙashin cinya bai zauna daram cikin kwaminsa ba, jijiyar gwiwa da ta tsinke, tsohuwar karaya da ta shafi gaɓa, ko ƙiba. Matsalar ƙugun nan gado ce, ta fi yawa a manyan karnukan da ake rububin saye yanzu a Jos da Kaduna da Abuja: Alsheshan, Rotwaila, Bowabul na Afirka ta Kudu, Kokeshiyan. Karen gida siriri bai cika gadonta ba, nasa ya fi zuwa daga rauni, ko na farauta, ko na bugun babur.

Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa, gara in faɗa muku tun yanzu. Amma akwai wani abu game da shi da duk maganarmu ta yau ta rataya a kai: ba shi da jijiyoyin jini. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, kuma kamar soso yake sha. In kare ya taka, a matse shi. In ya ɗaga ƙafa, ya saki ya zuƙi sabon ruwa. Karen da ya wuni kwance, gaɓarsa da yunwa ta wuni. Ga kuma tsoka, wadda ita ce ke riƙe gaɓa kada ta yi lilo. Ciwo ya sa ya kwanta, kwanciya ta sa tsoka ta zube, gaɓa ta ƙara sakwarkwacewa, ciwo ya ƙaru, ya ƙara kwanciya. Haka abin yake cin kansa.

Shi ya sa abin da kawuna ya yi, da kyakkyawar niyya kuwa, ya zama ƙara wa Barno dawaki. Ya ce a daina sakin Duna, a rufe shi a keji ya huta. Maigadi kuma, da tausayi ya kama shi, ya je kemis ya sayo diklofenak irin wanda shi kansa yake sha don ciwon baya, yana cusawa cikin tuwo safe da yamma. Kwana 4 Duna ya fara amai, kashinsa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Jini ne yake zuba a ciki. Allah ya sa an kai shi asibitin dabbobi da wuri.

Jama'a, a riƙe wannan ko da an manta sauran: diklofenak da ibufurofen da 'yan uwansu na mutane suna huda cikin kare, suna lalata masa ƙoda. Farasitamol ma ba a ba shi sai da awon likita, kyanwa kuwa kashe ta yake yi. Akwai magungunan ciwo da aka tanada don kare, irin su meloksikam da karfurofen, likita ne yake auna su da nauyin dabbar, kuma ba a haɗa su da deksametason. Amfanin maganin shi ne ya rage ciwon har kare ya yarda ya taka. Daga nan aikin ya dawo hannunka.

Kuma kafin ka yanke cewa amosani ne, bari likita ya gani. Zazzaɓin kaska yana sa kare ciwon gaɓɓai da kasala. Ciwon dajin ƙashi yana farawa da ɗingishi a manyan karnuka. Karen da ƙafafunsa suka shanye farat ɗaya, ko halinsa ya juye, yana dalalar da miyau, wannan kada ma ka kusance shi, ana tsoron haukan kare. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga asibitocin dabbobi na jihohi. Likita zai lanƙwasa gaɓar ya ji, in da hali a ɗauki hoton ƙashi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun tsohon kare da ciwon gaɓɓai. Ran da aka sallami Duna, kawu ya zaci za a haɗo shi da jakar magani. Likitar ta shafa gefen karen ta ce, "Alhaji, ina haƙarƙarinsa?" Aka laluba, sai an danna sosai ake jin su. Aka ɗora shi a sikeli, kilo 41.

A Amurka kamfanin abincin dabbobi na Purina ya yi wani bincike da ya ɗauki shekara 14. Karnuka 48 irin Labrado aka raba biyu-biyu, 'yan ciki ɗaya, ɗaya yana cin abincinsa cikakke, ɗan uwansa ana rage masa kashi 25 cikin 100. Da sakamakon ya fito a 2002, waɗanda aka rage wa abinci sun fi 'yan uwansu tsawon rai da kusan shekara 2. Hoton ƙashi kuma ya nuna masu cin cikakken kwano, rabinsu sun kamu da amosanin ƙugu a shekara 6, 'yan uwansu kuwa sai a shekara 12. Wani ƙaramin binciken a Jami'ar Gilasgo, 2010, ya gano cewa kare mai ƙiba in ya sauke kashi 6 cikin 100 na nauyinsa, ɗingishin yana raguwa har a gani. A jikin Duna, kilo 2 da rabi ke nan kacal.

Mu kuwa ragowar tuwo da shinkafa da ƙanzo da kitsen da aka yanke daga nama, duk kwanon kare ake juyewa, in ya yi ɓul-ɓul a ce ana kula da shi. Ka shafa gefensa: ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba, in ka dube shi daga sama kuma ka ga ƙugun ya ɗan tsuke. A rage a hankali, kada ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako, a rage tuwo da mai, a bar masa nama da kifi don tsoka. Man kifi yana taimakon gaɓa, wannan an gwada an gani. Masu kiwon 'yan kwikwiyo kuma su ji: ɗura wa babban iri abinci da ƙwayoyin ƙarin ƙarfin ƙashi don ya girma da wuri a sayar, shuka masa ciwon ƙugu ne.

Yanzu ga tafiya. Duba yadda muke riƙe karen gadi: wuni zubur yana keji ko a ɗaure da sarƙa kan siminti, ƙarfe 10 na dare a sake shi, ya fita a guje, ya yi birki a bakin ƙofa, ya yi tsalle jikin katanga. Daga kwanciyar awa 14 zuwa gudun famfalaƙi, babu tsakiya. Mai lafiya ma yana jin jiki, balle mai ciwo. Mafarauta su ma haka: damina ta wuce kare yana kwance gindin bishiya, rani ya yi, ranar farko a kai shi bin zomo. Karen bana shi ke maganin zomon bana, gaskiya ne, amma na bara ma in ana so ya ƙara shekara yana aiki, sai an fara fita da shi tafiya makonni kafin a shiga daji.

Abin da gaɓa mai ciwo take so shi ne tafiya da igiya, a hankali, kaɗan-kaɗan, kullum. Minti 5 zuwa 10, sau 2 ko 3 a rana, ya fi awa guda ranar Lahadi. Na ce a hankali, kuma da dalili. In kare yana sauri yana iya yi maka wayo ya ɗauke ƙafar da ke ciwo ba ka lura ba. In ka rage masa sauri har ya zama taku ɗaiɗai, dole kowace ƙafa ta sauka ta ɗauki rabonta. Ƙafafun gaba dama su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin kare, mai ciwon ƙugu kuma yana ƙara jibga musu, shi ya sa za ka ga ƙirjinsa ya buɗe bayansa ya tsotse. Tafiya a ɗan tudu mara tsayi tana mayar da aikin baya. A nemi ƙasa ko ciyawa. Kwalta tana da tauri, yashi mai zurfi kuma yana gajiyar da shi tun bai yi nisa ba. A fita bayan asuba ko gab da magariba, don kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, Kokeshiyan mai gashin nan kuwa ranar Kano tana iya kashe shi. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, in ba ka iya jurewa, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba.

To yaya za ka san ka yi daidai ko ka zarce? Washegari da safe za ka sani. In ya tashi kamar yadda ya saba ko ya fi, ka ci gaba, bayan mako ka ƙara minti 2. In ya tashi ya fi jiya sandarewa, jiya ka wuce gona da iri, ka koma rabi. Kada ka dogara da shi ya gaya maka a hanya. Kare in yana tare da ubangidansa ga ƙamshin waje, sai ya bi ka har ya gurgunce yana kaɗa bindi. Jifan ƙwallo ko sanda ya ɗauko, da dirowa daga bayan a-kori-kura, waɗannan a yafe su.

A ƙasashen Turai da Amurka gashin ƙashi na karnuka sana'a ce mai zaman kanta, har da takardar shaida, kuma akwai injinan da kare ke tafiya a kan bel cikin akwatin ruwa mai ɗumi. Amma yawancin atisayen da suke yi, kayan aikinsa suna tsakar gidanka. Likitar nan taɓare 4 ta sa aka jera a ƙasa, tsakanin kowace da ta gaba kamar tsawon jikin karen, maigadi yana jan Duna a hankali yana tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko ƙafar bayansa ta hagu sai da ta yi karo da kowace taɓarya, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Bayan mako 3 ya koyi ɗaga ta. Wannan ɗagawar ita ake nema, tana lanƙwasa gwiwa da ƙugu fiye da tafiyar banza. Akwai kuma zauna-tashi: ka sa shi ya zauna daidai, ƙafafu a haɗe, ka nuna masa ɗan tsinken nama ya miƙe, sau 5 don farawa. In yana zame ƙafa gefe, ka zaunar da shi jikin bango ta wajen ƙafar. Sai zagaye turmi biyu, a shiga tsakaninsu a fita kamar ana rubuta lamba 8 a ƙasa. Naman da aka ba shi a atisaye a cire shi daga abincin dare, kada a gyara gaba a ɓata baya.

Ruwa kuwa yana da abin mamaki. Masu bincike a Amurka sun auna: kare in ya tsaya cikin ruwa iya idon sawu, kashi 91 cikin 100 na nauyinsa yake ɗauke da shi, iya gwiwa, kashi 85, amma in ruwan ya kai ƙugu, kashi 38 kawai. Ke nan tsoka tana aiki tana ture ruwa, gaɓa tana hutawa. Wanda ke kusa da rafi mai tsabta, mai yashi a ƙasa, mara ƙarfin gudu, ya shiga da shi da igiya su yi tafiya minti 3 zuwa 5. Tafiya cikin ruwan ta fi iyo ga mai ciwon baya, don wajen iyo da ƙafafun gaba ya fi yin aiki. Kududdufin unguwa dai a'a, akwai fasassun kwalabe da cuta. In an fito a goge shi ya bushe, cikin hunturu kuma a haƙura da ruwan.

Tausa da gashi, nan sai an yi hattara, don kare mai ciwo yana cizon ko wane ne. Wanda ya saba da shi ne zai yi, a tabbata an yi masa allurar haukan kare, kuma a sa masa takunkumi a farko ko da kana ganin ɗan gida ne. Ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ka gwada a damtsenka, ka ɗora a ƙugu ko gwiwa minti 10 kafin a fita tafiya. In gaɓar ta kumbura tana da zafi, sanyi take so: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 10. Bayan gashi, yana kwance ta gefe, ka tallabi ƙafar da hannu ɗaya sama da gaɓar, ɗaya ƙasa da ita, ka lanƙwasa a hankali ka miƙar, kamar sau 10. Inda ka ji ta tsaya, nan za ka tsaya. In ya ɗaga kai ya dube ka, ko ya riƙe numfashi, ko ya fara lasar leɓe, ka kai iyaka. Ba irin jan da mai ɗori yake yi ba ne, ko kusa. Wanda ba ya son taɓa kare saboda tsarki ya sa safar hannu, ko ya bar wannan ga wani ya riƙe tafiya da taɓare, su ne suka fi yawan amfani dama.

Saura gida. Tayil ɗin nan mai sheƙi abokin gabar tsohon kare ne, kowane zamewa fama ciwo ne, a shimfiɗa masa tabarmar roba ko tsohon kafet a inda yake bi. Makwancinsa kada ya zama siminti tsirara, tsohuwar katifa ko buhuna a ninke sun isa, a kawar da shi daga bakin iska. A yanke masa farce, don in sun yi tsawo suna karkatar da takunsa. Inda akwai matakala a jingina katako mai faɗi. Ran da ƙafafun suka ƙi, a zura tawul ta ƙarƙashin cikinsa a riƙe bakin biyu a tallafa masa ya miƙe.

Da na koma Kaduna bayan wata 5, Duna ya sauko kilo 37. Katanga dai ya bar ta har abada, kuma in hunturu ya busa har yanzu yakan yi jim kafin ya tashi. Amma na tarar da wani kwali maƙale a ƙusa jikin ɗakin maigadi, an ja layi-layi da biro: kwanan wata, mintin tafiya, sai yadda ya tashi da safe, ko alamar daidai ko gicciye. Na ƙirga giccen watan, guda 3 ne, biyu daga ciki washegarin ranar da jikokin kawu suka zo suka yi ta jefa masa ƙwallo. Kawu da kansa yake riƙe igiyar bayan sallar asuba, su je ƙarshen layi su dawo, minti 20. Ya ce mini tun da ya fara, tasa gwiwar ma ta rage damunsa wajen ruku'u.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna a kan kaska, da yadda ake raba kare da ita ba tare da an yi masa wanka da maganin feshin gona ba. 

(Kiɗan rufe shiri)